A sa sunan uwar gida cikin takardar gona

Idan kaka ta yi, aka ɗaure damman gero aka kai rumbu, sai bukukuwan aure su kankama a ƙasar Madarunfa, tun daga Safo da Jiratawa har Gabi da Ɗan Isa. Cikin waɗannan aurarraki akwai ƴan kaɗan da ake ɗaurawa a majami'a, gaban fasto da dattawan ikilisiya. Kiristoci ba su da yawa a Nijar, domin ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Amma ƙarancin mutane ba ya rage nauyin haƙƙinsu. Akwai wata matsala da ke jiran amaryar majami'a ranar da ita da mijinta suka tashi kafa gidan kansu, kuma ya kamata sarakuna da ma'aikatan hukuma su san da ita. Matsalar kuwa ita ce, gonar da aka saya da gumin mutum biyu, sunan mutum ɗaya ake rubutawa a takardarta, in ma an yi takardar ke nan.

Kafin a shiga maganar, ya kyautu mai karatu ya san asalin waɗannan gidaje. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna a Tsibiri ta Gobir a ƙarshen shekarun 1920. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. A 1956 aka buɗe asibitin kutare a Danja, cikin gundumar Madarunfa, kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi iyakar Nijeriya, kuma a nan ne aka ƙara sashen gyaran mata masu yoyon fitsari a 2012. Wasu daga cikin waɗanda suka zo neman magani a wancan zamani ba su koma garuruwansu ba, suka zauna kusa da asibitin, suka yi aure, suka haihu. Wasu kuma ta hanyar makarantar mishan suka karɓi addinin. Ke nan tun farko, gidan Kirista a wannan yanki sau da yawa gida ne da aka kafa nesa da gandun kakanni.

Har wa yau akwai wani dalili. A shari'ar Musulunci, bambancin addini yana hana gado. Saurayin da ya zama Kirista alhali mahaifinsa Musulmi ne, ba shi da rabo cikin gandu ranar da aka zo rabon gado, sai fa abin da uban ya ba shi kyauta tun yana da rai. Wannan hukunci ne sananne, kuma ba shi ne abin tuhuma a nan ba. Abin lura shi ne abin da yake haifarwa: irin wannan saurayi ba ya jiran gado, dole ya sayi gona, ko ya karɓi jingina, ko ya yi aro.

To, da wane kuɗi ake sayen gonar? Duk wanda ya zauna ƙauye ya san amsa. Mai gida ya tafi cin rani Maraɗi ko Katsina ya aiko da abin da ya samu. Uwar gida kuwa ta sayar da akuyar da aka kawo ta da ita, ta kwashi adashinta, ta haɗa da ribar man gujiya da ƙuliƙuli da zogalen da take kaiwa kasuwa. A gidan Kirista mace ɗaya ake aure, saboda haka ba ta da abokiyar zama da za su raba girki, kuma in an yi nesa da gidan iyaye, babu uwar miji da za ta riƙe mata goyo. Ita ce a rijiya, ita ce a turmi, ita ce a bayan mai gida ranar shuka tana zuba iri tana rufewa, da ciki ko da goyo. In damana ta kama mijin bai dawo ba, ita ke ɗaukar hauya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan nan da hannu biyu aka ɗauki jinkarsa.

Da a ce ƙasa tana da yawa kamar dā, da maganar ba ta yi zafi ba. A dā, mai gida yakan yankar wa kowace mace gamana, watau ƴar gonar da take nomawa don kanta a ranakun da ba a aikin gandu, kuma in wuri ya ƙare sai a sari daji. Yanzu babu dajin da za a sara. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, fiye da dubu 400 daga cikinsu a gundumar Madarunfa kaɗai. Binciken lafiya na ƙasa na wannan shekara ya nuna macen jihar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa fiye da 8 a tsawon rayuwarta. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau ƴaƴa da jikoki ke rabonta. A 2004 wasu masu bincike mata biyu, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, suka wallafa abin da suka gani a kudancin Maraɗi, musamman a Jiratawa. Sun tarar cewa idan gona ta yi kaɗan, gamanar mace ake fara janyewa, har mutanen wurin suka raɗa wa abin suna kublen gona. Sun kuma tarar cewa mata Musulmi sun soma tashi suna neman rabonsu na gado kamar yadda addininsu ya yanka musu.

A nan ne bambanci ya fito fili. Mace Musulma wadda mijinta ya rasu ya bar ƴaƴa tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, ɗiya mace kuma tana da rabin abin da ɗa namiji ya samu. Ko an hana ta, tana da hujjar da za ta kai gaban malami ko alƙali. Mace Kirista ba ta da irin wannan ƙayyadadden rabo, domin addininta bai zo da lissafin gado ba. Nijar kuma har yanzu ba ta da kundin dokar iyali. Tun 1962 dokar tsarin shari'a ta bar maganar aure da gado da gonakin da ba a yi wa rajista ba a hannun al'adar masu ƙara. Al'adar gargajiya ta ƙasar Katsina da Gobir kuwa ba ta gādar da gona ga mace. Ranar da mai gida ya faɗi, matar da ta sayar da akuyarta don a sayi gonar tana iya wayar gari ba ta da abin dogara sai kirkin ƴan'uwan mijinta. Da yawa cikinsu mutanen kirki ne, suna riƙe amana. Amma abincin marayu bai kamata ya rataya ga halin mutum ba, tun da yake hali yana sakewa idan gona ta yi tsada.

Akwai masu ƙin wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurara. Na farko suna cewa miji da mata jiki ɗaya ne a koyarwar ikilisiya, don haka rubuta suna biyu alamar rashin yarda ce. Amsa ita ce, takarda ba don zaman yau ake yin ta ba, don ranar da ɗayansu ba ya nan ne, ranar da za a yi magana da mutanen da ba su halarci ɗaurin auren ba. Littafin da suke karantawa kowace Lahadi ma bai ƙi mace ta mallaki ƙasa ba. Sura ta 31 ta littafin Karin Magana, inda ake yabon macen kirki, ta lissafa sayen gona cikin ayyukanta. Sura ta 27 ta Littafin Ƙidaya kuma ta ba da labarin ƴaƴa mata biyar na Zelofehad, waɗanda mahaifinsu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, suka je gaban Musa suka nemi gādonsa, aka kuwa ba su.

Na biyu suna cewa in macen ta sake aure, gona za ta koma wani gida. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa yana cikin takardar kanta. Ana iya rubuta cewa gonar ta miji da mata ce, kuma bayansu ta ƴaƴan da suka haifa tare ce. Rashin takarda shi ne ya fi saurin fitar da gona daga hannun ƴaƴa. Na uku suna cewa gonar ƙarama ce, ba ta isa a raba ba. Ai ba a ce a kafa iyaka a tsakiyarta ba. Gona ɗaya ce, rumbu ɗaya ne, suna ne kawai ya zama biyu.

Wani darasi daga wannan ƙasa ta Maraɗi yana ƙarfafa maganar. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai, in aka bar musu reshe ɗaya ko biyu aka gyara, sai su zama itace. Shi ne abin da ake kira sassaben zamani. Da farko manoma sun yi sanyin jiki, domin a ganinsu itace na ma'aikatan daji ne, wanda ya taɓa shi tara ce ke jiransa. Sai da suka tabbata cewa gawo da kalgo da sabarar da suka raina a gonarsu nasu ne, sa'an nan aikin ya bazu, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗan Adam ba ya zuba taki inda yake tsoron a tashe shi gobe. Uwar da ta san gonar tata ce da ƴaƴanta, ita ce za ta kai takin awakinta, ta dasa zogale a gefen gida, ta raini itacen da zai huce mata tafiyar neman makamashi.

Doka kuma tana bayanta. Dokar karkara mai lamba 93-015 ta ran 2 ga Maris 1993 ta tanadi cewa ƴan Nijar duka daidai suke wajen samun ƙasar noma, ba tare da bambancin namiji da mace ko na asali ba. Ita ce ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira COFO, waɗanda yanzu suke da matakin gunduma, da na ƙaramar hukuma, da na ƙauye inda mai gari ke shugabanta. A wurinsu ake samun takardar shaidar saye, da ta kyauta, da ta gado, da ta aro, da ta jingina. Hanya dai a buɗe take, bin ta ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka aiki ya rabu. Mai gida, ranar da ya biya kuɗin gona, ya tafi gaban mai gari tare da matarsa da shaidu, Musulmi da Kirista, a rubuta sunansu su biyu. In gonar ta riga ta zama tasa, ya yanka mata gamana ya yi mata takardar kyauta. Fastoci da dattawa, da yake suna zaunar da saurayi da budurwa su yi musu gargaɗi kafin aure, su sa maganar gona cikin gargaɗin, su kuma tabbata an rubuta auren a ofishin magajin gari, domin takardar aure ita ce shaidar farko da za a tambayi matar. Zumuntar mata ta ikilisiya, wadda ta saba tara gudummawar biki da ta suna, ta riƙa tambayar kowace amarya ko an yi takardar. Sakatarorin COFO kuma, idan mutum ya zo shi kaɗai, su tambaye shi ko da kuɗin matarsa cikin cinikin, su karanta wa kowa takardar da Hausa kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa. Malaman yaƙi da jahilci su kawo samfurin takardar aji, a koyi karatu da ita, domin macen da ta iya gane sunanta a rubuce ba a cika yi mata wasa da shi ba.

Wannan shawara ba ta tsaya ga Kiristoci ba. Maƙwabciyarta Musulma, wadda ita ma ta zuba adashinta cikin sayen gona, tana da amfani a ciki, domin tumuni rabon gado ne kawai, bai biya ta kuɗin da ta zuba ba. An soma da matar Kirista ne don ita ce ta fi kowa zama a fili, babu ƙayyadadden rabo, babu kundin doka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tafiya ɗaya zuwa ƙofar mai gari a lokacin kaka, sa'ad da kowa yana da lafiya kuma shaidu suna da rai, ta fi shekarun da uwa za ta yi tana jeka ka dawo tsakanin fada da gidan shari'a da marayu a bayanta. Allah shi ba magabata ikon dubawa.