Wallafe-wallafen Gwamnati da Manomin Hunkuyi: Ga Ƙoshi ga Kwanan Yunwa

Gabatarwa

Wallafe-wallafen gwamnati su ne littattafai da ƙasidu da rahotannin da hukumomi ke bugawa domin sanar da jama'a sakamakon bincike, ko ka'idojin ciniki, ko dabarun sana'a. Da dukiyar al'umma ake buga su, don haka al'umma ke da haƙƙin cin moriyarsu. Abin tambaya shi ne, a wane harshe suke isa ga mai haƙƙin?

Halin da Ake Ciki

Garin Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, ba shi da nisa da Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922. Cibiyar da ke can, wato IAR, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta samar da ingantattun irin masara da dawa da gyaɗa masu suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT. Maƙwabciyarta NAERLS kuwa ita ke buga ƙasidun wayar da kan manoma. Cibiyoyin sun cancanci yabo, domin akwai abin da suke fitarwa da Hausa a takarda da rediyo. Sai dai mafi yawan rahotannin bincike da Ingilishi suke, cike da kalmomin fannu, alhali mai noman tumatir a Hunkuyi ko rake a Maƙarfi da Hausa yake tunani, da ita yake ciniki.

Illar wannan giɓi takan bayyana ne ranar masifa. A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A irin wannan hali manomi yana buƙatar sanin wane magani ne ya dace, awo nawa za a zuba a ruwa, da kuma kwana nawa za a jira kafin a tsinki amfanin gona. Idan bayanin yana cikin harshen da ba ya ji, to sai abin da mai sayar da magani ya faɗa masa, asara kuwa a kansa za ta ƙare.

Wasu na ganin cewa rediyo da wayar hannu sun wadatar. Lallai suna da amfani, amma abin da kunne ya ji yakan shuɗe, musamman alƙaluman awo. Takarda kuwa ana ajiye ta, a koma mata, ɗan makaranta ya karanta wa mahaifinsa. Wasu kuma kan ce Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara bayyana al'amuran zamani da Hausa, hukumar NORLA ta buga littattafan yaƙi da jahilci kafin a rufe ta a 1959, sannan a 1990 aka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Ke nan ba harshen ne ya gaza ba, himma ce ta yi ƙaranci.

Kammalawa

Ya kamata duk hukumar da ta ware kuɗin bincike ta ware na fassara tare da shi, a buga da boko da ajami. Ɗalibi mai koyon aikin malanta shi ma yana da nasa rabon. Ya nemo irin waɗannan ƙasidu ya mayar da su abin koyar da fassara da auna fahimta, ya kuma tuntuɓi manoma kan sunayen da suke kiran ƙwari da cututtuka kafin ya ƙirƙiri sabuwar kalma. Ɗan manomin da ya koyi karanta ƙasidar taki a aji, shi zai kai ilimin Samaru gonar gidansu.