Fim ɗin Kareti: Kafin Ki Bar Yaranki Su Kalla

 A wannan wata za mu tattauna a kan tambayar da iyaye mata da dama ke yi: wasannin kwaikwayo na faɗan kareti da yaranmu ke rububin kallo, sun dace da su ko ba su dace ba? Wasu kan ce ai wasa ne kawai, mu ma mun kalli Bruce Lee da Jackie Chan muna yara, ba abin da ya same mu. Wasu kuma da sun ga an ɗaga ƙafa sai su kashe akwatin. Uwargida, hanyoyin nan biyu duk gajerar hanya ce. Yawan naushi da shuri ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne me ya jawo faɗan, me ya samu wanda ya yi dukan, kuma me ake nunawa a tsakanin faɗa da faɗa.

Bari mu ɗauki misali guda mu feɗe shi. Akwai wani wasa mai dogon zango na ƙasar Amurka mai suna Cobra Kai. An fara nuna shi a YouTube a 2018, ya koma Netflix a 2020, aka kammala shi a 2025 bayan zango 6 da kashi 65. Ci gaba ne na wani tsohon fim, The Karate Kid, wanda ya fito a 1984. A wancan fim, wani yaro mai suna Daniel, wanda ake cin zalinsa, ya koyi kareti a hannun wani dattijo, Miyagi, wanda ya nuna masa cewa kareti na kare kai ne, har ya doke babban mai cin zalinsa, Johnny, a gasa. Iyaye da yawa wannan tsohon labari suke tunawa, sai su ɗauka ci gaban ma na yara ne.

To a Cobra Kai an dawo da mutanen nan biyu bayan shekara 34. Johnny ya zama magidanci marar sa'a, mashayin giya, wanda ya yi watsi da ɗansa. Sai ya sake buɗe makarantar kareti, yana koya wa matasa ƙa'idar da aka koya masa: ka riga abokin gaba kai duka, ka daka da ƙarfi, kada ka ji tausayi. Gaskiya ne labarin yana so ne ya nuna illar wannan ƙa'ida. Akwai wani yaro, Eli, da ake yi wa dariya saboda tabon da ke leɓensa. Da ya koyi faɗa sai shi ma ya koma azzalumi, har ya karya hannun amininsa. A ƙarshen zango na 2 rikici ya ɓarke a cikin makarantar sakandare saboda kishin saurayi tsakanin 'yammata biyu, aka shuro wani yaro, Miguel, daga bene, ya samu rauni a ƙashin baya har ya zauna a keken guragu, wanda ya shuro shi kuma aka kai shi gidan gyaran hali. Matashi mai hankali zai ga darasi a nan.

Amma 'yar'uwa, ɗan shekara bakwai ba darasin yake gani ba. Tun a 1961 wani masanin halayyar ɗan'adam, Albert Bandura na Jami'ar Stanford, ya gwada ƙananan yara 'yan shekara 3 zuwa 6. Ya sa suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba, da aka bar su da ita sai suka riƙa kwaikwayon dukan. A 1963 ya nuna cewa ko a fim suka gani, haka suke yi. A 1965 kuma ya gano cewa yaran da suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo, amma da aka yi masu alkawarin tukwici, su ma sun nuna sun haddace dukan sarai. Ke nan yaro yana ɗaukar abin da ya gani, sakamakon da ya biyo baya ne kawai ke sa ya taka birki. A wasa mai dogon zango kuwa, sakamakon kan zo ne bayan kashi da yawa, lokacin da ƙaramin yaro ya riga ya manta da laifin. Miguel ɗin nan ma ya warke ya koma faɗa, abin da a zahiri ba kowa ke samu ba. Abin da zai zauna a kan yaronki shi ne shurin, kuma a kan ƙanensa zai gwada.

Sai kuma abin da ke tsakanin faɗa da faɗa, wanda sau da yawa ya fi faɗan illa a gidajenmu. A wannan wasa akwai ashar, akwai shan giya har a tsakanin matasa, akwai soyayya da sumbata, akwai ɗa yana ɗaga wa mahaifinsa murya. Johnny kuwa an zana shi a matsayin mai ban dariya da shiga rai, kwalbar giya a hannu. Yaro ya fi kwaikwayon wanda yake so a cikin labari fiye da wanda aka nuna masa a matsayin mugu.

Masu wasan ma ba su ce na yara ba ne. A Amurka tun 1997 ake sa wa shirye-shiryen talabijin alamar shekaru. TV-Y na ƙananan yara ne, TV-Y7 na 'yan bakwai zuwa sama, TV-PG yana buƙatar idon iyaye, TV-14 bai dace da wanda bai kai 14 ba, TV-MA kuma na manya ne zalla. Cobra Kai alamar TV-14 gare shi. Ki sani kuma wannan alama da mudun al'adarsu aka auna ta. Abin da suke ganin ya dace da ɗan 14, ke mai yiwuwa ba za ki so ɗanki ɗan 16 ya gani ba. Don haka alamar mafari ce, hukuncin naki ne.

To yaya za ki yi da kowane irin wannan wasa, na Amurka ne, na Sin ko na Koriya? Da farko ki duba alamar shekarun. Na biyu, ki kalli kashi biyu ko uku ke kaɗai, kuma kada ki tsaya a na farko, ki leƙa ƙarshen zango, domin can ake tara faɗa mafi muni. Na uku, ki tambayi kanki: jarumin yana faɗa ne don kare kai ko don ramuwa da nuna isa? Malaminsa yana koya masa haƙuri ko rashin imani? Wanda aka daka yana jin ciwo, ko tashi yake kamar ba a yi ba? Na huɗu, ki lura da yaron bayan kallo. Idan shuri ya yawaita a tsakar gida, ko bakinsa ya sauya, ko ya fara firgita cikin barci, kin samu amsa. Idan a Netflix ake kallo, akwai ɓangaren yara, kuma ana iya rufe na manya da lambar sirri. Idan kuma a shagon masu tura fim ake zubo wa yara a waya, ba wata alama da za ta tare su, sai ke.

Ra'ayina a kan Cobra Kai shi ne, wanda bai kai 14 ba a ɗage masa. Wanda ya haura, idan kin ga za a bar shi, to a falo, ke ko mahaifinsa na kusa, a riƙa tsayawa ana tambayarsa: me ya sa Eli ya canza? Da kai ne ya za ka yi?

Kada kuma ki kashe sha'awar yaron gaba ɗaya. Mu da muka tashi da dambe da kokawa mun san gwada ƙarfi cikin ƙa'ida ba laifi ba ne. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a wasan taikwando a gasar Olamfik ta 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya ciyo wa Nijar azurfa a 2016. Idan akwai wurin koyo a kusa da ku, mai malamin da kuka yarda da halinsa, can yaro zai tarar da abin da fim ke tsallakewa: shekaru na horo, gaishe da malami, da dokar cewa ba a gwada duka a kan wanda bai shigo fili ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon kula da amanar da Ya ɗora mana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.