Za ka ɗaga Hilux ko jif ɗinka? Inci 2 ya ishe ka

Duk shekara da zarar ruwan Agusta ya fara cin hanyoyin gona a yankinmu na Mawashi, Kusada da Kankiya, sai ka ji masu Hilux da jif-jif sun fara zancen "a ɗaga ta". Wani cikin motarsa ne ya gogi ƙasa a kwari, wani kuma hoto kawai ya gani a Facebook, mota ta yi tsayi kamar raƙumi, ta burge shi. Ra'ayina a nan gajere ne: in za ka ɗaga, kada ka wuce inci 2, wato santimita 5, kuma kada ka sayi tsayi shi kaɗai ba tare da shokozoban da ya dace da shi ba.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba, ɗagawa bodi da casis take ɗagawa. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin Hilux ta baya, za ka ga wani ƙullutu kamar tulu a tsakiyar aksul. To wannan tulun yana nan inda yake ko da inci 6 ka ɗaga motar, saboda a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Kuma a hanyar da manyan motoci da amalanken shanu suka yi wa rami biyu suka bar tudu a tsakiya, shi ne yake fara maƙalewa. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma ba da yawa ba. Misali ka cire 265/65R17 ka sa 265/70R17, tsayin tayar ya ƙaru da kusan milimita 26, amma tulun rabin haka ya samu, milimita 13. Sannan allon gudu zai fara yi maka ƙarya kaɗan: yana nuna 100 alhali kana wajen 103. Saboda haka in matsalarka yashi ne, ɗagawa ba maganinta ba ce. Ka rage iskar taya zuwa wajen 20 kafin ka shiga, in ka fito kwalta ka tsaya wajen mai faci ya mayar maka.

Amfanin ɗagawa na gaskiya shi ne bamba ta daina dukan ƙasa in za ka gangara kwari ko ka hau, tsakiyar mota ta daina zama a kan tudu, kuma taya ta samu ɗan fili. Wannan amfani ne babba, ban raina shi ba.

Amma kafin ka kashe ko sisi, ɗauki tef ɗin tela ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen bodi, duka ƙafa huɗu, a fili mai daidai, ba kaya a ciki. Motocinmu yawanci sun sha lodi, buhunan masara da gero da taki shekara da shekaru. Sau da yawa motar ba gajera ba ce, sifirin ne ya kwanta. In ka ga baya ya zauna ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, sabon sifirin irin nata na asali zai dawo maka da tsayin da ka rasa, babu abin da ya gurɗe.

In kuma ka auna lafiya take, kana son ƙari, sai ka san irin ƙafar motarka. Hilux daga ta 2005 zuwa yau, gabanta kowace taya da hannunta da naɗaɗɗen sifirin, bayanta kuma sifirin mai falle-falle. Prado ma gabanta haka yake, sai dai bayanta naɗaɗɗe ne. Land Cruiser 79 kuwa aksul guda ne gaba da baya, shi ya sa ta fi su jure ɗagawa. Masu Highlander, RAV4 da CR-V, ku yi haƙuri, naku ba su da casis daban da bodi, ba don wannan aikin aka ƙera su ba. Ɗan ƙari kaɗan da taya mai kyau, ku tsaya nan.

Me ya sa na kafe a kan inci 2? Saboda gaban. A mota mai fowil, akwai shaf da ke kai ƙarfi daga tsakiya zuwa kowace tayar gaba, kuma kusan a miƙe aka tsara ya yi aiki. Duk inci ɗaya da ka ƙara, kana ƙara karkata shi. Robar da ke rufe gaɓarsa ta fara tsagewa, giris ya fita, ƙura da ruwan kwari su shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Boljoyin na sama shi ma ya kusa ƙurewa, alaimen ya ƙi zama, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Ni sana'ata gyaran waya ce, kuma abin da nake gani a teburina ke nan kullum: a sa wa waya abin da ya fi ƙarfin abin da aka tsara mata, ranar farko ta yi daɗi, bayan wata biyu wani abu daban can ciki ya ƙone. Wuce inci 2 ba haramun ba ne, amma sai ka canza hannayen sama da wasu kaya, kuɗin ya ninka.

Na biyu kuma ya fi wannan nauyi, rai ne. Motar nan ba a gona kaɗai za ta rayu ba. Za ka fito Gidan Mutum Ɗaya ka hau titin Kano zuwa Katsina, ka taka. Mota in ta yi tsayi nauyinta ya koma sama, in ka kauce wa ɗan acaɓa ko akuya da gudu, ta fi saurin kifewa. Ka haɗa da mutane a baya da kaya a kan rufi, lissafin ya ƙara lalacewa. Tsofaffin Hilux marasa ABS kuma suna da wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki. In aka ɗaga baya ba a gyara sandarsa ba, sai ya ɗauka motar ba kaya ko da ta cika, birkin baya ya yi sanyi. Bakanike da yawa ba sa taɓa shi. Ka tambaya da bakinka, ka kuma sa a duba tiyon birki kada ya ɗame in taya ta sauka rami.

Yanzu me za ka saya? Mafi araha shi ne sifesa, wani zobe na ƙarfe ko roba da ake sawa a saman sifirin. Yana ba da tsayi, amma bai ƙara wa ƙafa komai ba. In na inci 1 ne don gaba ya daidaita da baya, ba laifi. Wanda aka yanko daga tsohuwar taya ko aka yi wa walda a bakin titi, wallahi kada ka yarda. Ƙara falle ɗaya a sifirin na baya, wanda aka fi yi a nan, yana da kyau ga motar da kullum cikin lodi take. In ba kaya kuwa, za ta riƙa tsalle da kai kamar jaki, bayan ya riƙa zamewa a hanya mai gargada.

Ni abin da na fi yarda da shi cikakken saiti ne, sifirin da shokozoba da aka yi su tare don wannan motar. Tsohon shokozoba gajere ne, in ka ɗaga ka bar shi kullum a miƙe yake, ba zai daɗe ba. Old Man Emu da Ironman na Ostareliya ne, Bilstein na Jamus, duk suna da na Hilux da Prado. Suna da tsada, kuma suna a kwali ba hujja ba ce. In ka shiga Kofar Ruwa a Kano, ka ɗauki lambar da ke jikin kayan da wayarka, ka bincika a shafin kamfanin ka ga ko ta motarka ce da shekararta. Ka lura kuma sifirin nasu kala-kala ne, akwai na mota mara kaya, akwai na mai ɗaukar kilo 300 ko fiye kullum. Ka zaɓi na aikin da kake yi a yawancin ranaku, ba na ranar girbi kaɗai ba. Ɗan Beljiyam kuwa, in ka ga alamar mai a jikinsa ko ka danna ya shige ba gardama, ajiye musu kayansu.

In an gama ɗaurawa, kada ka kama hanya sai an yi alaimen, an kuma sauke fitilun gaba don kada ka riƙa kashe wa na gabanka ido da dare. Bayan ka yi tafiyar kamar kilomita 500, ka koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin na baya da aksul, don suna saki in sabon sifirin ya zauna.