Sanarwar Bayan Taro Kan Tsagewar Duwatsu da Taruwar Man Fetur a Kwarin Binuwai da Na Chadi

Ƙungiyarmu ta malamai da ɗaliban ilimin duwatsu ta kammala zamanta a Gombe, inda ta tattauna rawar da tsagogin ƙarƙashin ƙasa ke takawa wajen taruwar ɗanyen mai da iskar gas.

Abubuwan da taro ya lura da su

1. Mai na samuwa ne a cikin dutsen laka, sannan ya haura ta ƙofofin dutsen yashi har sai ya ci karo da abin da zai tare shi. Inda tsaga ta gocar da shimfiɗun duwatsu har laka ta toshe bakin yashi, nan mai ke kwanciya. Inda yashi ya haɗu da yashi, ko tsagar ta sake motsawa bayan man ya taru, sai ya zurare, a haƙa rijiya a tarar da ruwa.

2. A Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, nauyin yashin da kogi ya jibge a kan lakar da ake kira Akata ne ya haddasa tsagogi. Shimfiɗun wannan yashi, waɗanda ake kira Agbada, suka lanƙwashe a jikin tsagogin kamar ƙwarya a kife, mai ya taru a ciki.

3. Kwarin Binuwai dangi ne ga Termit na Nijar da Doba na Chadi. Duk sun samu ne sa'ad da ƙasa ta dare lokacin rabuwar Afirka da Kudancin Amurka. Doba ta fara ba da mai a 2003, Agadem da ke Termit a 2011, aka kuma sanar da gano na Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019.

4. Sai dai arzikin maƙwabci ba hujja ba ce. Rijiyoyi 23 da aka haƙa a baya a yankin Borno na Kwarin Chadi ba su ba da man da zai shiga kasuwa ba, illa alamun gas a wasu.

Matsayar taro

1. Kada a kafa injin haƙa a ko'ina sai an yi cikakken awon sauti da zai nuna kowace tsaga, zurfinta da lokacin da ta motsa.

2. Kuɗin da dokar man fetur ta 2021 ta tanada domin binciken sababbin yankuna a fara kashe su a kan wannan awo.

3. Kamfanin NNPC da hukumar NUPRC su buɗe wa jami'o'i bayanan tsofaffin rijiyoyi, domin rijiyar da ta fito fayau ma tana da darasi.

4. A ƙulla musayar bayanai da masanan Nijar da Chadi, tunda tsagogin nan ba su san iyakar ƙasa ba.

5. Shugabanni su gaya wa mutanen Alkaleri da Akko, inda Kolmani yake, gaskiyar abin da bincike ya nuna, a kuma kare musu gonaki da ruwan sha.

Allah Ya sa albarka a cikin arzikin ƙasarmu.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya