Ƙafar moto mai sauƙi: ado ne ko jari?

 

Yau za mu tattauna kan abin da kusan kowane ɗan kasuwa ke hawa, amma ba kowa ke duba shi ba, wato ƙafar moto. Duk wanda ke zuwa cin kasuwa daga Korgom, Hawandawaki, Urafan, Kanambakashe ko Gidan Amumun ya san moto ya karɓi babban kaso na aikin da jaki da amalanke ke yi. Shi ke kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi ke ɗauko ƙwai da kaji, shi ke fito da tabarmin kaba daga yankin Gulbin Kaba, shi ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Da yawa daga cikin motocin da ƴan kabu-kabu ke tuƙawa ma jarin ƴan kasuwa ne: Alhaji ko Hajiya ta saya ta ba yaro yana kawo kuɗin yini. Saboda haka maganar ƙafar moto maganar jarinmu ce da ta rayukanmu.

Ƙafa iri biyu muke gani a kasuwa. Akwai ta dauri, mai da'irar ƙarfe da wayoyi, galibi guda 36, waɗanda ake ɗaurewa ana sassautawa. Akwai kuma ta zubi, wadda aka narka alminiyom aka zuba, mai ƙyalli da yatsu biyar ko shida. Samari sun fi son ta biyu. Suna cewa ta fi sauƙi, ta fi kyau, moto ya fi tashi da ita, ya fi shan kwana, kuma ba ya shan mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man da ake shigowa da shi ta kan iyaka ya daina araha irin ta da, sai duk wata magana ta rage shan mai ta samu masu saurare.

Bari mu fara ba su gaskiyarsu, don suna da ita. Nauyin da ke cikin ƙafa ya bambanta da nauyin da ke bisa moto. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan. Mace kan ɗora ƙwarya cike da fura a ka ta yi tafiya mai nisa ba ta koka ba, amma a ɗaura mata munduwa mai nauyi a kowace ƙafa, kafin ta kai bakin gari ta gaji, don kowane taki sai ta ɗaga nauyin ta aje. Haka abin yake ga moto. Mai tuƙi da fasinja da kaya duk suna zaune bisa ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke shanye girgiza, ita kuwa ƙafa tana ƙarƙashinsa, ita ke hawa kowane tudu tana faɗawa kowane rami. In tana da nauyi, idan ta daki dutse sai ta yi tsalle ta daɗe ba ta koma ƙasa ba. In tana da sauƙi, nan da nan take komawa ta kama hanya. Taya kuwa sai tana taɓa ƙasa birki ke ci, kai ke juyawa. Shi ya sa mai ƙafa mai sauƙi yake cewa yana jin hanya a hannunsa.

Abu na biyu, ƙafa juyawa take. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san mazari mai nauyin gindi ya fi daɗewa yana juyi, kuma ba ya saurin karkacewa. Ƙafa mai nauyi haka take: tana da wuyar tayarwa, tana da wuyar tsayarwa, kuma idan moto na gudu ba ta son a kauda ta daga inda ta miƙe. Mai sauƙi kuwa da an taɓa hannun moto ta bi. Kuma nauyin da ke can bakin da'ira, wajen taya, ya fi wanda ke tsakiya tasiri nesa ba kusa ba. Wannan dalili ne ya sa masu tseren moto a Turai da Japan suke kashe dukiya wajen ƙera ƙafafu da wani ƙarfe mara nauyi da ake kira magneziyom, don su rage ko da ƴan giram kaɗan ne.

To, amma ina suke tseren? Bisa kwalta mai sumul kamar faranti, mutum guda, babu buhu, babu jarka. Mu kuwa ina muke bi? In aka cire babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Maraɗi ta bi Cadawa da Gazawa ta ratsa Tasawa da Maijirgi ta nufi Damagaram, da ƴan hanyoyin da aka gyara, sauran hanyoyin da ke kai mu kasuwannin ƙauye rairayi ne, da burji mai kunya-kunya, da kwazazzabai da damina ke ƙara wa zurfi kowace shekara, ga ƙaya ga kututture.

Mu dubi waɗanda suka yi tsere a irin ƙasarmu. Gasar Paris-Dakar ta sha ratsa Nijar ta Agadas da Tenere a shekarun 1980 da 1990, kafin ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Kamfanonin da ke shiga wannan gasa ba kuɗi suka rasa ba, amma har yau motocinsu ƙafa mai wayoyi suke ɗauka, ta gaba mai faɗin inci 21, alhali namu na kasuwa inci 17 ko 18 ne. Sun san ƙafa mai wayoyi tana ɗan lanƙwasawa ta shanye duka, kuma babbar da'ira ta fi iya haye rami da rairayi. Mutanen da suka fi kowa son sauƙi, da suka zo ƙasa irin tamu, ƙarfi suka sa gaba.

Ga misali daga madafa. Kwanon ƙarfe in ya faɗi lotsewa yake, a kai wa maƙeri ya bubbuga ya koma aiki. Tukunyar zubi in ta faɗi kan dutse tsagewa take. Ƙafa mai wayoyi in ta daki rami takan karkace, makaniken ƙauye ya ɗaure wayoyi ya miƙe ta, a ƙarasa gida. Ƙafar zubi, musamman mai araha wadda ba a san inda aka ƙera ta ba, takan yi tsaga siririya kamar gashi wadda ido ba ya gani, sai ranar da aka ɗora kaya ana gudu ta buɗe gaba ɗaya. Wanda kuma ya kai ta aka yi mata walda ya sani wutar walda na raunana irin wannan ƙarfe. Gyaran ganin ido ne kawai.

Kuma kada ƙyalli ya ruɗe mu: ba kowace ƙafar zubi ce ta fi mai wayoyi sauƙi ba. Wata ma ta fi ta nauyi. Wadda ta haɗa sauƙi da ƙarfi tana da tsada, don aikinta na musamman ne. In aka kawo maka wadda ba ta da nauyi kuma ba ta da tsada, to ƙarfen aka rage. Hausawa sun ce araha ba ta ado, mu kuma muka ƙara da cewa a wannan fage ado kaɗai take yi. Ku ƴan kasuwa ne, kuna da sikeli. Ku ɗora tsohuwa ku ɗora sabuwa ku ga bambancin da idonku kafin ku fidda kuɗi.

Sai maganar mai. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Moto irin su Kasea, Haojue ko Boxer nauyinsa ya ɗara kilo 100. A ɗora mai tuƙi, a ɗora Hajiya, a ɗora buhun hatsi mai tiya 40, wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilo 100. Duka an haura kilo 300. A cikin wannan, in an rage kilo guda a ƙafa, me aka rage? Abin da ke shanye mai a hanyoyinmu shi ne rairayi, da lodin da ya wuce kima, da taya mara iska, da sarƙar da ta bushe, da birkin da ke goga, da hannun yaron da ba ya sassauta wuta. Wanda ya gyara waɗannan zai ga canji a aljihunsa fiye da wanda ya sake ƙafa.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi masu lodi kai tsaye. Idan aka ɗaure kaya can ƙarshen baya, gaban moto kan yi sama-sama, tayar gaba ta rage kama ƙasa. A nan saurin juyawar da samari ke yabo yake zama aibi, domin kan moto sai ya riƙa rawa, kuma da an shiga rairayi ko an daki ɗan tudu sai ya fizge. Kwali ɗaya na ƙwai ko jarka ɗaya ta man gyaɗa in ta fashe, ribar sati nawa ta tafi? Balle a ce ƙugu ne ko ƙafar uwar iyali ta karye a tsakiyar kaka, lokacin da kasuwa ke ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace shan wannan masifa. Mun yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma addininmu ya koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah.

Ba mu ce a jefar da ƙafar zubi ba. Wadda ta zo da moto daga kamfani an auna ta da nauyin moton, kuma tana da falala guda babba: tana karɓar taya mara tub, wadda in ƙaya ta soke ta iska ke fita a hankali, maimakon ta sace nan take ana cikin gudu. Ga wanda aikinsa cikin garin Tasawa ne ko bisa kwalta zuwa Gazawa, da fasinja guda da ɗan kaya, ta wadatar. Abin da muke ja da shi shi ne a kwance ƙafa mai ƙarfi a moton lodi na karkara, a sa wata don ƙawa ko don an ce ba ta da nauyi.

To, mene ne abin yi? Ga wanda ya mallaki moto ya ba yaro, ya kafa sharaɗi tun farko: ba a sake ƙafa sai da saninsa. Ranar kawo kuɗi ya sa a ɗaga moto a juya ƙafa a gabansa. In tana lilo hagu da dama, ko tana goga, a kai ta gyara. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe ana ƙwanƙwasawa: mai lafiya tana ƙara ƙarau, wadda ta saki tana amsawa a dushe. Waya guda in ta tsinke aka ƙyale, nauyinta kan maƙwabtanta yake komawa, su ma su bi ta. In ƙafar zubi ce, a wanke ta a duba gindin yatsunta da bakin da'ira. Da an ga tsaga, a sake ta, kada a kai walda.

Ga ƴaƴanmu ƴan kabu-kabu, iskar taya ita ce gyara mafi araha. A duba ta da safe kafin taya ta yi zafi, a ƙara wa ta baya in za a yi lodi, a bi abin da kamfani ya rubuta a jikin moto. A cikin rairayi mai zurfi ɗan rage iska na taimakawa, amma da an fito kan burji ko kwalta a mayar, in ba haka ba dutse zai lotsa da'ira ya tsinke tub. A kankare laka da ta daskare a ƙafa lokacin damina, don ita ma nauyi ce, kuma nauyi mai gefe guda da ke sa moto karkarwa. Kaya masu nauyi a matso da su kusa da mai tuƙi, a raba su daidai hagu da dama.

Ga iyayenmu mata, kuɗinku ne, ranku ne. Kafin ku hau, ku dubi ƙafar moto kamar yadda kuke duba ƙwarya kafin ku saya. Babu kunya a ce wa yaro: ɗana, wannan taya ta suɗe, nemo mini wani. In mata goma suka ƙi hawa moto guda a ranar kasuwa, washegari za a gan shi wajen makanike.

Muna kira ga masu saida kayan moto na Maraɗi da Tasawa da Mayahi, da masu sarowa daga Kano da Katsina, su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye gaskiyar abin da suka kawo. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu su sa duba ƙafa da birki cikin dokokin tasha. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasa, ANISER, da hukumomin garuruwanmu, su kawo faɗakarwa har cikin kasuwannin ƙauye, da harshen da jama'a ke ji. Mu ma a gidajen rediyo ƙofarmu a buɗe take ga makanikai masu sani su zo su yi wa jama'a bayani.

Sauƙin ƙafa yana da daɗi a hannun mai tuƙi, amma ɗan kasuwa abin da yake nema shi ne ya isa da kayansa, ya koma ga iyalinsa lafiya. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu kasuwa lafiya ya maido mu gida da riba, amin.