Katanga Ta Daina Rufa Asiri

Duk lokacin da aka tashi tallata fasahar ganin abin da ke bayan kwana, waƙar ɗaya ce: za ta hana motoci masu tuƙa kansu kaɗe yara, za ta nuna wa masu ceto inda gini ya danne mutane. 'Yan jaridar kimiyya sun haɗiye zancen ba su tauna ba. Ni kuwa na ce fasahar leƙen asiri ce, kuma da wannan sunan ya kamata a riƙa tattauna ta.

A duba yadda take aiki. A 2012, Andreas Velten da Ramesh Raskar na jami'ar MIT sun harba hasken lesa a bango. Hasken ya watse, ya daki abin da ke ɓoye, ya dawo bangon, sannan ya shiga kyamara. Kwamfuta ta auna jinkirin dawowar hasken, ta zana siffar abin da ido bai gani ba. Zuwa 2021, masu bincike a ƙasar Sin sun yi irin wannan aiki daga nisan kilomita 1.43. Wace mota ce ke buƙatar sanin abin da ke cikin ɗaki daga wannan nisa? Hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ma ta zuba kuɗi a fannin ƙarƙashin shirinta na REVEAL, kuma sojoji sun san abin da suke saye.

Masu kare fasahar suna cewa hotunan dishi-dishi ne, kayan aikin kuma tsada gare su. Gaskiya ne a yau, amma a 2019 Vivek Goyal da abokan aikinsa a Jami'ar Boston sun fitar da hoton abin da ke ɓoye da kyamarar dijital ta gama-gari, daga inuwar da ta faɗa a bango kawai. A nan haɗarin yake. A shari'ar Kyllo ta 2001, Kotun Ƙolin Amurka ta ce sai da sammaci 'yan sanda za su leƙa gida da na'urar auna zafi, amma ta jingina hukuncin a kan cewa na'urar ba ta yaɗu a hannun jama'a ba. Ke nan ranar da kayan suka yi araha, kariyar ta fara tangal-tangal.

Haka aka lallaɓa mu da na'urar gane fuska, aka ce don buɗe waya ce, sai ga ta a titunan Xinjiang tana bin sawun 'yan Uigur. Magina a ƙasar Hausa sun daɗe suna karkata ƙofar zaure domin mai wucewa kada ya hangi tsakar gida, kuma wannan karkatar ce lissafin kwamfuta ke warwarewa. A hana gwada wannan na'ura a kan gidan kowa ba da izinin alƙali ba, kuma a rubuta dokar tun kafin kayan su shigo kasuwa.