Cinikin Mage Ko Cinikin Biri A Sama?

Na san wani yana ganin kan maganar nan zai ce, "Haba! Ana fama da kuɗin makaranta da tsadar abinci, ita kuma mage ce ta dame ta?" Ka yi haƙuri ka karanta tukuna. Ka buɗe WhatsApp ɗinka ka duba sitatus na 'yan ajinku, da wuya ka rasa wadda ta ɗora hoton farar mage mai gashi buzu-buzu, ko wanda ya rubuta cewa yana da 'yan kyanwa na sayarwa. Abin ya zama yayi a tsakaninmu, kuɗi masu yawa suna shiga ciki, kuma rayuka suna salwanta a banza. Ni ganau ce, shi ya sa na ɗauki biro.

A zangon karatun da ya wuce, ni da 'yar ɗakinmu muka haɗa kuɗi muka sayi 'yar kyanwa a wajen wani da muka gani a Instagram. Ya ce mana 'yar Farisa ce ta asali, iyayenta daga waje aka kawo su. Na tambaye shi watanta nawa, ya ce, "Hajiya, ai ta kai wata uku, tana cin komai." Na ce allura fa? Ya ce an yi mata duka. Na ce ya turo min katin, ya ce zai haɗo da shi. Muka tura naira dubu 80, ya saka ta a kwali ya ba direba, muka je tasha muka karɓo. Da muka buɗe kwalin babu kati, babu takarda, sai wata 'yar mitsitsiyar halitta da ba ta cika tafin hannuna biyu ba, tana rawar jiki. Muka sa mata suna Auduga.

Kwana uku ba ta ci komai ba sai kuka. Muka ba ta madarar gari da muke shan shayi da ita, sai gudawa. Rana ta shida ta fara amai. Da muka kai ta asibitin dabbobi, likitan ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ɗora ta a sikeli, ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, wa ya ce muku wannan ta kai wata uku? Ba ta wuce sati biyar ba. Nono take nema." Ya ce alamun da yake gani na wata cuta ce mai kashe ƙananan kyanwoyi, wadda allurar riga-kafi ke karewa, kuma ƙwayar cutar tana iya zama a ɗaki har shekara guda, don haka kada mu kuskura mu kawo wata da ba a yi wa allura ba. Rana ta tara Auduga ta mutu a kan tsohon hijabina. Da muka kira mai sayarwa sai ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, ai lafiya lau na turo ta." Kashegari ya toshe lambarmu.

Na daɗe ina zaginsa a raina. Daga baya na zauna na yi wa kaina hisabi, na ga ni ma ina da kaso. Cinikin biri a sama na yi. Ban ga uwar ba, ban ga inda aka haife ta ba, ban san me ya kamata in nema ba. Hoto na saya. Abin da nake so in faɗa a nan shi ne: kuɗin mage mai asali ba kuɗin gashi ba ne, kuɗin wahalar da mai kiwo ya sha ne da kuma shaidar wahalar. In babu su, to an cuce ka, an cuci dabbar.

Bari mu duba yadda ake yi a inda sana'ar ta kafu. A Ingila akwai hukumar rajistar kyanwoyi mai suna GCCF, wadda aka kafa tun 1910. A Amurka akwai CFA tun 1906, da TICA tun 1979. Su ne ke riƙe da littafin asali, wato wace mage ce ta haifi wace. Abin da masu sayarwarmu ke kira "fedigiri" ke nan: takarda ce mai nuna uwa da uba da kakanni, da lambar rajista da za a iya bincikawa. Ba kalma ce da ake faɗa da baki ba. GCCF ta shawarci masu kiwo kada su raba 'yar kyanwa da gidan da aka haife ta sai ta kai sati 13, kuma sai an yi aƙalla kwana bakwai da gama allurarta. A dokar Ingila, tun watan Afrilu na 2020 an hana dillalai sayar da 'yar kyanwa ko ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Sai dai ka je wajen wanda ya kiwata ko gidan ceton dabbobi. Daga ranar 10 ga Yuni 2024 kuma ya zama dole a sa wa mage wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata kafin ta kai sati 20, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai ita.

A can, in ka je ɗaukar 'yar kyanwa wajen mai kiwo na ƙwarai, ba ita kaɗai za ka fito da ita ba. Zai ba ka takardar asali, da katin allura mai sa hannun likita, da bayanin ranakun da aka ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Zai rubuta maka irin abincin da ta saba da shi da lokutan da take ci, ya haɗa maka da ɗan guzuri, domin canza abinci farat ɗaya yana ɓata mata ciki. Wasu har da ɗan ƙyallen da take kwanciya a kai suke bayarwa, saboda warin uwarta ya kwantar mata da hankali a baƙon wuri. Da yawansu suna sa ka sa hannu a yarjejeniya cewa in ka kasa riƙe ta, su za ka mayar wa. Kuma kafin duk wannan, shi ma sai ya yi maka tambayoyi: ina kake zaune, wa zai kula da ita in ka fita, ka taɓa kiwon mage? In amsarka ba ta gamsar da shi ba sai ya hana ka, ko nawa ka zo da shi.

Wani zai ce, "To ai nan ba Ingila ba ce." Gaskiya ne. Amma jikin mage ɗaya ne ko a Landan ko a Kano. Sai ta kai kamar sati huɗu take fara taɓa abinci, kuma yaye ba ya kammala sai wajen sati takwas. Makonnin da ke biyo baya a cikinsu take koyon wasa da 'yan uwanta ba tare da cizo mai zafi ba, ta saba da yin kashi a cikin yashi, ta saba da hannun mutane. Allurar farko ana yin ta wajen sati takwas zuwa tara, ta biyu bayan sati uku zuwa huɗu. Ta ciwon haukan kare kuma daga sati 12, wadda a ƙasarmu ba abin wasa ba ce, domin cutar tana nan, tana kama mage, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Duk wannan ba ya buƙatar wata hukuma daga waje. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a manyan garuruwanmu. Abin da ya hana mai sayarwa yi shi ne lissafi: duk satin da ta ƙara a hannunsa abinci ne da yashi da kuɗin likita, ga shi kuma ƙaramar ta fi kyau a hoto.

Akwai wata dabarar da ya kamata kowa ya sani. Za ka ga an rubuta "mai shuɗin ido" an ƙara kuɗi. Duk 'yar kyanwa da shuɗin ido take buɗe ido, ko ta lungunku ce. Sai wajen sati shida zuwa bakwai launin gaskiya yake fara fitowa. Sau da yawa shuɗin idon da aka caje ka kuɗinsa shaida ce kawai cewa an raba ta da uwarta da wuri.

Sannan ita 'yar Farisar da muke rububi tana da nata matsalolin na gado. An san irin da wata cutar ƙoda da ake gada daga uwa ko uba, wadda ba ta nuna kanta sai magen ta girma. Masu kiwo na gaskiya suna gwada iyayen kafin su haɗa su. Waɗanda fuskarsu ta baje sosai suna fama da numfashi da zubar hawaye. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a ɗakin da babu wuta. Gashin nan kuma kullum sai an taje, in ba haka ba ya dunƙule ya ja fata. Irin yana saurin kamuwa da makero, shi kuma makero yana tsallakawa zuwa jikin mutum. Mai lanƙwasasshen kunnen nan da ake kira Scottish Fold kuwa, abin da ya lanƙwasa kunnen lahani ne a guringuntsi, kuma yana taɓa gaɓoɓinta ya sa mata ciwo. Mai sayarwa na kirki zai gaya maka wannan kafin ka tura ko sisi. Wanda ya ɓoye, ya ɓoye aibin kaya ne, kuma kowa ya san hukuncin hakan a ciniki.

Yanzu bari in juyo kanmu masu saye, domin mu muke raya kasuwar. Me muke tsammani? Muna son 'yar tsana mai rai: ba ta kashi, ba ta yagar katifa, ba ta ciwo, tana cin ragowar shinkafa da miya. Alhali albasa da tafarnuwa da ke cikin miyar suna lalata mata jini. Madarar shanu tana sa yawancinsu gudawa, kamar yadda muka gani da idonmu. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage. Muna son ƙarama, muna son araha, muna son yau-yau. Wanda ya ce mu jira wata guda a gama allura sai mu ce ya cika tsada da iyayi, mu tafi wajen mai kwali. Araha ba ta ado.

Ga tambayar da ban yi wa kaina ba sai da aka makara. Mage tana iya yin shekara 12 zuwa 15, wasu ma su wuce. Ni saura watanni in gama difloma. Daga nan sai shekarar koyon aiki, sai babbar difloma in Allah ya yarda, sai bautar ƙasa a jihar da ban sani ba. Wa zai riƙe ta? Mama da ba a yi shawara da ita ba? Mun sha ganin yadda ake yi a unguwannin ɗalibai: hutu ya zo a kulle ɗaki, ko a sake ta a bayan gida. Magen da ba ta taɓa farauta ba, gashi ya cukurkuɗe, ba ta san mota ba. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Malamai sun yi saɓani a kan halaccin sayar da mage, kowa ya tambayi malaminsa. Amma a kan haƙƙinta in ta shigo hannunka, ban taɓa jin saɓani ba.

Ba ina cewa a daina sana'ar ba ne. Ɗalibin da ya nemi na kansa ya fi mai zaman jiran alat daga gida. Sai dai in za ka yi, ka yi ta da gaskiya. Ka riƙe su su kai wata uku. Ka kai su wajen likita ka karɓi kati. Ka bar mai saye ya zo ya ga uwar. In ba ka da takardar asali, ka ce ruwa biyu ce, ka sa kuɗin ruwa biyu. Babu abin kunya a ciki. Ka rubuta abincinta a takarda, ka ɗauki waya in an kira ka bayan ciniki. Kada ka bar uwar tana haihuwa a kai a kai kamar inji. Wallahi a harabar makarantar nan labari ba ya kwana, wanda ya yi haka shi za a riƙa nema.

Ke kuma 'yar uwa, kai kuma ɗan uwa mai shirin yi wa budurwa kyautar bazata, kada ka tura kuɗi sai ka je da ƙafarka. Ka ga uwar, ka ga tsaftar wurin. Ka duba idonta da hancinta babu ruwa, kunne babu datti, gashi babu inda ya zube. Ka karɓi katin allura a hannunka, ka kira likitan da sunansa ke jiki. Ku yi magana tun farko: in ta kwanta ciwo a satin farko, wa zai ɗauki nauyi? In ya fara hanya-hanya, ka yi masa sallama. Kuma ka tambayi wadda za ka ba ko tana so, ko gidansu za su yarda.

In kuwa mage kake so tsakani da Allah, ba hoto ba, to ga su nan a bayan kicin ɗin makaranta da gidajen maƙwabta, kyauta ake bayarwa. Sun saba da zafinmu, gashinsu ba ya son wahala. Su ma allura da maganin tsutsa suke buƙata, su ma sai sun gama shan nono. Yanzu haka akwai ɗaya a gidanmu, baƙa mai farin wuya, da na karɓo bayan na nemi izinin Mama. Katinta yana cikin fayil ɗaya da rasiɗin kuɗin makarantata.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauko da hannunmu, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.